Ihu Bayan Hari: Gidajen Hayarmu da Ƙarar da Muke Kaiwa a Makare



Akwai wata magana guda da mutanenmu suka saba ji a ofisoshin gwamnati na nan Kudu duk lokacin da wata masifa ta faɗa wa gidan haya, kamar a ce salga ta rufta da yaro, ko gobara ta tashi daga wayar lantarki, ko amai da gudawa ya shiga gida ya ɗauki mutum biyu ko uku. Maganar ita ce: "Me ya hana ku zuwa tun da wuri? Ai kun makara." Da an faɗi haka, shi ke nan an rufe fayil, mu kuma mu dawo unguwa muna ta tsine wa ƙaramar hukuma a ƙofar masallaci da teburin mai shayi, har zuwa ranar da wani gidan zai sake cin wani. Wannan shi Bahaushe ke kira ihu bayan hari.

Ra'ayin da nake son in kare a nan ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ƙananan hukumomi suna da babban laifi wajen sakaci da duba gidajen haya na taro, kuma suna fakewa da kalmar "makara" domin su kuɓuta daga laifin nan. Amma mu ne muke miƙa musu wannan mafaka da hannunmu, saboda wani shiru da muka laƙaba wa suna haƙuri, alhali kuwa tsoro ne da rashin sanin doka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

GIDAJEN DA MUKE CIKI

Kowa ya san irin gidajen da akasarin mutanenmu ke zaune a ciki a Agege da Idi-Araba da Mil 12 da Ijora da Obalende, haka kuma a Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal. Su ne waɗanda mutanen nan ke kira fes-mi-ai-fes-yu: ɗakuna a jere dama da hagu suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, sannan can baya a sami ban-ɗaki ɗaya ko biyu da wurin girki ɗaya na kowa da kowa. Ɗaki ɗaya shi ne falo, shi ne ɗakin kwana, shi ne wurin ajiyar kayan sana'a. Ƙofar fita ɗaya ce tak, tagogi kuma duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Matan aure suna girki da risho ko tukunyar gas a cikin lungun nan da yara ke wasa, wayoyin wuta kuma an jona wannan a kan wancan kamar saƙar gizo.

A irin wannan gida, abin da ya fi haɗari shi ne wanda ba na kowa ba. Ɗakinka kai ne za ka share shi, ka gyara ƙofarsa. To amma sokawe da ya cika, da kwatar da ta toshe, da rijiyar da aka haƙa dab da masai, da matakalar bene da ta tsage, waɗannan na wa ne? Kowa yana jiran wani ya yi magana. Mai gida yana can wata unguwa, sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara ake ganin ejan ɗinsa. Saboda haka ne ma doka ta ajiye wani na uku wanda aikinsa shi ne ya shiga ya duba, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

AIKIN WA NE?

Mu fara raba aiki, domin da yawa daga cikin ƙararrakinmu suna mutuwa ne saboda mun ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, kafin mu gane hanya lokaci ya ƙure.

Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai samar da ban-ɗakunan jama'a da kula da su, da sha'anin ƙazantar masai da kwashe shara, da sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ƙiyasta gidajen mutane domin haraji, da kuma sa hannu wajen kula da lafiyar jama'a. Kowace ƙaramar hukuma tana da ma'aikatan tsabtar muhalli, waɗanda mu a gida muke kira duba-gari, Yarabawa kuma ke kira wole-wole. Su ne ke da ikon shiga gida su duba salga da rijiya da kwata da cunkoso, su ba da takardar umarnin gyara da wa'adi, in an ƙi kuma su kai mutum kotu.

Lafiyar ginin kansa, wato tsagewar bango da lotsewar daɓen bene da ƙarin hawa ba da izini ba, a Legas wannan aikin hukumar jiha ne mai suna LASBCA. Shara kuma akwai LAWMA. Rikicin kuɗin haya da notis na kotun majistare ne, amma kafin a kai can akwai Cibiyar Sasanta Jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta jihar, wadda aka kafa tun 1999, kuma ba a biyan ko kwabo. Ga wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Ofishin Lauyan Talakawa, wato OPD, tun shekarar 2000. Sauran jihohi suna da nasu tsarin da nasu sunayen, amma rabon aikin kusan ɗaya ne.

Ita kuma Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gida da wuraren da 'yan haya suka yi tarayya a kansu, sai fa in an rubuta akasin haka a yarjejeniya. Ta hana shi toshe wa ɗan haya abin amfanin kowa, kamar ruwa ko ban-ɗaki, ta kuma tilasta masa ba da rasit, in ya ƙi tarar Naira 100,000 ce. Dokar ta shafi duk jihar ban da Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Biktoriya Ailan, wato ta shafi kusan duk inda talakanmu yake. A 2025 Majalisar Dokokin jihar ta ɗauko wani ƙuduri na sabunta ta, don haka wajibi ne mu riƙa bin diddigin abin da ya canja.

AGOGON DA BA MU SAN YANA TAFIYA BA

To, a ce duba-gari bai zo ba, ko ya zo ya karɓi na goro ya tafi, ko ka kai kuka sakatariya an yi biris da kai. Ina za ka kai ƙarar ita ƙaramar hukumar?

Tun 1975, zamanin mulkin Janar Murtala Muhammad, aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya. Tana da ofis a kowace jiha, tana da ikon binciken ma'aikatun tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi, kuma aikinta kyauta ne. Amma dokar da ta kafa ta ta gindaya sharuɗɗa. Ba ta binciken koken da aka kawo bayan wata goma sha biyu da aukuwar abin da ake kuka a kai. Ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Kuma tana so ta ga cewa mai koke ya riga ya bi hanyoyin da ke akwai kafin ya zo wurinta.

Ku duba yadda sharuɗɗan nan suka matse talaka ta gaba da baya. An ce sai ka fara zuwa ƙaramar hukuma, an kuma ce kada ka wuce shekara. Ƙaramar hukumar da ta san wannan ba ta buƙatar ta ce maka a'a. Abin da za ta yi kawai shi ne "je ka ka dawo": yau oga ba ya nan, gobe an tafi taro, jibi fayil ya ɓata. Kai kuma da yake da baki ka yi magana, ba ka da wata takarda mai hatimi da za ta nuna ranar da ka fara zuwa. Ranar da ka gaji ka nufi hukumar koke, tambayar farko ita ce: yaushe abin ya faru, kuma ina shaidar ka kai kuka?

Hanyar kotu ma ta fi ƙunci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta tarayya ta ba da wata uku ne kacal a shigar da ƙarar jami'i a kan abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, in kuma cutarwar mai ci gaba ce, wata uku daga ranar da ta tsaya. Jihohi da dama suna da irin wannan doka. Wata uku fa! Mu kuwa a wata ukun farko ba mu gama "bari mu ga abin da Allah zai yi" ba. Akwai dai sauƙi guda, shi ne ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan Adam a kotu sun ce wa'adi ba ya kashe irin wannan ƙara. Sai dai ba kowace matsalar gidan haya ce ke shiga wannan babi ba, lauya ne zai tantance.

Wannan agogo yana tafiya ko mun sani ko ba mu sani ba, kuma ba ya tsayawa don mun tafi gida noma ko bikin Sallah.

MASU CEWA A YI SHIRU

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce, domin sun sha faɗa a taro. Bari mu ɗauki hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, da girmamawa, amma ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Na farko, sukan ce mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, ba ya ɗaga murya a garin mutane. Ina tambaya: wane irin baƙo ne wanda aka haifi kakansa a Agege? Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 take, ta girmi Nijeriya mai 'yanci da shekara arba'in da huɗu. Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya ga dama a cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Sashe na 7 ya tabbatar wa duk mai ikon zaɓen ɗan majalisar jiha ikon zaɓen ciyaman da kansila. Ranar karɓar kuɗin shago da kuɗin kasuwa da tikitin baro, ba wanda ke ce mana baƙi. Ranar zaɓe, har cikin zango ake biyo mu da motoci. To don me baƙuncin ba ya tashi sai ranar da za mu nemi a duba mana salga? Da bakinmu muke cire kanmu daga haƙƙin da doka ta ba mu.

Na biyu, sukan ce in ka kai ƙara mai gida zai kore ka, samun ɗaki kuwa a Legas sai wanda ya gani. Wannan tsoro gaskiya ne, ba na raina shi. Amma mu san cewa korar ɗan haya tana da ƙa'ida. In ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, dokar 2011 ta ce mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata guda, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida a ba shi wata uku, mai biyan shekara a ba shi wata shida. Bayan wannan sai wata takardar ta kwana bakwai, sannan a je kotu, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Mai gidan da ya cire kwano ko ƙofa, ko ya turo 'yan daba don ya fitar da kai da ƙarfi, ya yi laifin da hukuncinsa ke kaiwa tarar Naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Sannan kuma korar mutum ɗaya abu ne mai sauƙi, amma takardar da ɗaki goma sha biyu suka sa wa hannu, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Ba'igala, ba mai gidan da zai kore su rana ɗaya. Kwatar da ta toshe ba ta tambayar ƙabila.

Na uku, sukan ce in hukuma ta zo rufe gidan za ta yi, mu kwana a titi. To ai abin da jinkiri ke jawowa ke nan. Tsagar da aka kai ƙararta tana ƙarama, gyara ake yi. Wadda aka bari ta shekara biyar, katafila ce maganinta. Ranar 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita Faaji, cikin tsibirin Legas, akwai gidajen haya a ƙasa da makarantar yara a sama, aka rasa rayuka kimanin ashirin, da yawansu yara ƙanana. Bayan nan hukuma ta ce ai dama an sa wa ginin alama. Cikin 'yan kwanaki sai aka shiga rusa gidajen da ke da alama a yankin, 'yan haya suka wayi gari da kayansu a bakin titi. Ranar 1 ga Mayu 2022 wani benen ya sake faɗuwa da dare a Titin Ibadan da ke Ebute Meta, aka rasa kimanin mutum goma, nan ma aka ce an riga an yi gargaɗi. Gini ba ya faɗuwa sai ya yi magana: bango ya tsage, ƙofa ta daina rufuwa, siminti ya riƙa zubowa, rodi ya fito fili ya yi tsatsa. Wanda ya ga wannan ya yi shiru don kada a tashe shi, to ya zaɓi a tono shi ne.

Na huɗu, sukan ce komai nufin Allah ne, mahaƙurci mawadaci. Haka ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne ka ga rami ka bar ɗanka ya faɗa ba. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, ta kashe sama da mutum ashirin cikin 'yan makonni, kuma tsibirin Legas da Eti-Osa da Kosofe suna cikin inda ta fi tsanani. Kosofe kuwa nan ne Mil 12 da Ketu suke. Kwalara ba aljani ba ce, hanyarta sananniya ce: ƙazantar masai ta haɗu da ruwan sha ko abinci. Haƙuri da talauci ibada ne, amma haƙuri da sokawen da ke tsiyaya cikin rijiya sakaci ne da rayukan yaran da Allah ya ba mu amana.

Akwai hujja ta biyar wadda ba a faɗa a taro, sai a bayan fage. Wasu daga cikin gidajen nan na namu ne. Akwai alhazanmu da suka mallaki gidaje a zango, akwai kuma waɗanda ke kama gida sukutum su riƙa sayar da wurin shimfiɗa tabarma ga 'yan ci-rani da 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa, mutum goma ko fiye a ɗakin da aka gina don mutum biyu. Irin waɗannan su ne ke fara cewa "kada a kai mu gaban arna, mu sasanta a gida." Kuma sau da yawa su ne ke zaune a sahun gaba a fadar Sarkin Hausawa, inda za a yi sasancin. Yaro ɗan ci-rani da ya zo jiya daga ƙauye, ta yaya zai buɗe baki a gaban wanda ya ba shi wurin kwana, ya kuma ba shi baro? Ya Alhaji, in gidanka ne, gyara shi. Kunya da zumunci ba su zama dalilin da za a bar ɗan wani ya mutu a cikin hayaƙi a ɗakin da ba taga ba. Sasanci a fada abu ne mai kyau, kuma muna girmama sarakunanmu, amma a sani zaman fada ba ya tsayar da agogon doka. In an shafe wata goma ana "za a gyara bayan Sallah", saura wata biyu ke nan.

LAIFIN HUKUMA

Duk abin da na faɗa a sama bai wanke ƙananan hukumomi ba ko kaɗan. Doka ba ta ce duba-gari ya zauna a ofis sai an kawo masa takarda ba. Sunansa ma ya nuna aikinsa. Dattawanmu suna tuna lokacin da jin an ce ga duba-gari nan ya isa ya sa kowace mata ta wanke randa. Yau kuwa sanin da muka yi musu shi ne su zo su kama mai shayi ko mai tsire, ko su ci tarar ɗan haya a kan kwatar da gyaranta ke wuyan mai gida, a karɓi kuɗi ba rasit, a tafi a bar kwatar yadda take. Hukumar da ma'aikatanta ke ratsa layi kullum don karɓar haraji ba ta da bakin cewa ba ta san gidan da ke layin yana zubar da ƙazanta ba. Idon da ya ga shago ya ga sokawe.

Haka kuma kalmar "makara" kanta akwai rashin adalci a yadda ake amfani da ita a kan gidan haya. Wa'adin shekara ya dace da abin da ya faru sau ɗaya ya wuce. Salgar da ta cika bara kuma har yau a cike take, wannan ba tsohon labari ba ne, cutarwa ce ta yau da safe. Duk ranar da ma'aikaci ya ƙi zuwa, sabon sakaci ne. Ma'aikacin da ya ce maka ka makara a kan abin da har yanzu yara ke tsallakawa, neman hanyar gudu yake yi.

Ba za mu karɓi uzurin rashin kuɗi ba kuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 nasu ne, a biya su kai tsaye. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da ciyaman da kansiloli da motoci. In akwai kuɗin allon hoton ciyaman a kowace mahaɗa, to akwai kuɗin littafin rajistar koke da man babur ɗin duba-gari.

Abin da muke nema a wurinsu ba shi da yawa. A ajiye rajistar koke a kowace sakatariya, duk wanda ya kawo takarda a buga masa hatimi da kwanan wata. A sa wa'adin da ma'aikaci zai je ya duba. A riƙa zagayen gidajen taro a kai a kai, a kuma liƙa sakamakon a inda 'yan haya za su gani. Takardar umarnin gyara ta tafi ga wanda gyaran ke wuyansa. Duk tara a ba da rasit na gwamnati. In an sa wa gini alama, a yi wa mazauna ciki bayani da harshen da suke ji, domin jan fenti a bango ba sanarwa ba ce ga wanda ba a gaya wa ma'anarsa ba.

Wani zai ce to a nemi a gyara dokar wata goma sha biyun mana. A nema, amma kada a zauna jira. Sashe na 315 na Tsarin Mulki ya sa dokar hukumar koke cikin dokoki huɗu da ba a taɓa su sai ta hanyar da ake gyara shi kansa Tsarin Mulkin. Wannan ba aikin bana ba ne, salga kuwa ba ta jiran majalisa.

ABIN YI TUN YAU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da ya kamata kowane gida ya yi.

Ku biya kuɗin haya a kan lokaci, ku karɓi rasit, ku adana shi kamar takardar gona. Wanda ake bi bashi bakinsa a ɗaure yake.

Ranar da kuka ga matsala, ku ɗauki hoto da waya, ku rubuta kwanan wata. Ku rubuta wa mai gida ko ejan takarda, ku ba shi mako biyu. In bai yi komai ba, ku rubuta wa ciyaman ta hannun shugaban sashen tsabtar muhalli. Takardar ba ta buƙatar dogon Turanci: lambar gida da sunan titi, abin da ya lalace, tun yaushe, mutum nawa ke gidan, da sa hannun duk wanda ya yarda. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a kan ɗaya ku dawo da ita. Ku ba kansilan mazaɓarku kwafi. In maganar tsagewar gini ce, ku kai wa hukumar gine-gine ta jiha a ranar, kada ku jira kowa, kuma ku fitar da yara daga ɓangaren da ya tsage.

In wata guda ya wuce ba a zo ba, ku sake rubutawa, ku ambaci ranar takardar farko. In an yi rauni ko asarar rai ko dukiya, ku ga lauya a cikin makon, saboda wa'adin wata ukun nan. In wata uku ya cika hukuma ba ta motsa ba, ku ɗauki takardunku masu hatimi ku nufi hukumar koke, kada ku bari a doshi shekara. Hukumar shawara take bayarwa, ba ta ɗaure kowa, amma wasiƙarta takan tayar da fayil ɗin da ya yi barci, kuma takan zama shaida a gaba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta ba ku damar neman a nuna muku rahoton duba gidanku a rubuce, kuma ta ba ofis kwana bakwai ya amsa.

Matasanmu da suka yi boko, wannan aikinku ne. Kowane layi ya kamata a ce akwai wanda zai zauna da maƙwabta ya rubuta musu takarda. Iyayenmu mata, ku ne kuke wuni a gidajen nan, ku kuka fi kowa sanin ranar da rijiya ta canja wari. Kada ku yarda a ce muku maganar maza ce. Limamanmu da sarakunanmu, ku faɗa wa jama'a cewa kai koke ga hukuma a kan lokaci ba rashin kunya ba ne, ba kuma neman fitina ba ne. Fitina ita ce wadda ke tashi bayan an yi asarar rai, lokacin da zuciya ta ɓaci, 'yan tsokana kuma suka sami abin da za su mayar rikicin ƙabilanci. Takarda mai hatimi ta fi zanga-zanga arha, ta kuma fi ta tsare mana mutunci a wurin maƙwabtanmu.

Da-na-sani ƙeya ce. Wanda ke da tsaga a bangonsa ko ruwan masai a tsakar gidansa, ya nemi biro da takarda a daren yau.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu zaman lafiya da mutanen da muke zaune da su, ya kuma ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.